Ƙarin jinin da motar Alhaji ta yi wa roba-robata

Kiki ɗin babur ɗina roba-roba ya daɗe da yin ritaya. Haƙoransa sun cinye, in ka taka sai ya zarce ƙasa bai taɓa inji ba, don haka na ɗaure shi da tsohon tub na dogara da maɓallin sitata. Sitata kuwa ba ta da uba sai batir, shi kuma batir in ya tsufa ba abin da ya tsana irin sanyin hunturu.

Ranar da surukata ta dawo daga Umara, bayan magariba na sha shadda, na fesa turare, na hau na danna maɓalli. Ƙyat. Na sake dannawa. Ko ƙyat ɗin ma bai maimaita ba.

Maƙwabcina Alhaji yana zaune a kan bonet ɗin motarsa yana cin gyaɗa. Mutumin kirki ne, matsalarsa ɗaya: bai taɓa jin wata matsala ya ce bai san maganinta ba.

"Malam, wannan ai ba abin damuwa ba ne. Batir batir ne, nawa 12, naka 12. Ƙarin jini kawai za mu yi masa."

Ya buɗe but ya zaro wayoyi biyu, ragowar wayarin ɗin gidansa, dukansu baƙaƙe. NEPA sun ɗauke wuta. Muka ba ɗansa fitilar waya ya haska mana, yaron ya ga hulata ta fi batir kyau, ita ya yi ta haskawa. Alhaji ya tayar da mota, ya sa babban ɗansa ya taka totur har ƙasa, wai don wutar ta shiga da ƙarfinta. Ya riƙe can, na riƙe nan. Ina ɗora waya sai tas! Tartsatsi ya tashi, ƙaurin roba ya biyo baya.

"Alhamdulillahi, ta shiga," in ji Alhaji. Ya karɓi fitilar ya leƙa, ya yi shiru. "A'a, juya. Juya, juya."

Muka juya. Babur ya tashi. Na yi godiya har da ɗan rusunawa.

Ban yi nisa ba na lura fitilata ta samu wani haske da ba ta taɓa yi ba tun da na saye ta. Ina murɗa totur tana ƙara fari, masu Adaidaita Sahu suna kare ido suna zagina, ni kuwa ina cewa a raina lallai jinin mota daban ne. Ina hawa babban titi na ƙara wuta, sai fat, duhu. Na waiga, ta baya ma ta bi 'yar'uwarta. Haka na ƙarasa da waya a baki tana haska mini hanya, miyau yana sauka a kan shadda.

A ƙofar gidan surukai wata dabara ta zo mini: in na kashe shi, wa zai tayar? Sai na kafe shi a kunne na shiga. Na durƙusa ina gaisuwa, ana miƙo dabino da zamzam, kunnena yana waje yana lissafin fetur.

"Wai babur ɗin wa ke ta ƙara a waje?" in ji Hajiya.

"Nawa ne, Hajiya. Ɗumama yake yi."

Gaisuwar da ya kamata ta kai isha'i, a tsaitsaye na gama ta. Har yau uwargida tana cewa danginta sun ɗauka fushi nake.

Washegari majalisa ta zauna a kansa. Wani ya ce fulogi ne, domin a unguwarmu ko taya ce ta yi faci akwai mai cewa fulogi. Wani ya ce gurɓataccen mai. Wani dattijo ya tambaye ni ko na bi ta gefen maƙabarta. Alhaji ya ce shi dai ya san lafiya lau ya sallame ni.

Bakaniken bakin titi ya canza fulogi, ya wanke kafireto, ya sa sabon ƙwan fitila. Ya murɗa totur don ya nuna mini aikinsa, ƙwan ya mutu a gabanmu. Ya ce jabu ne, a sayo wani. Wannan ma ya bi sahu. Ya ce to batir ne. Na sayi sabo, ya yi 'yan kwanaki yana tayarwa, shi ma ya kwanta. Da ya ce koyil ne, mai samar da wuta a cikin inji, a buɗe gefen injin, sai na ce bari in je in yi sallah in dawo. Ban dawo ba.

Wani mai sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa ne ya nuna mini rumfar wani tsoho mai rewaya. Tsohon bai taɓa sufana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi.

"Me ya faru kafin ya fara?"

"Ba komai, Baba."

"Ba komai?"

"An ɗan jona shi da mota."

"Tana kunne?"

"Tana ɗan kunne."

"An juya kan waya?"

"Alhaji ne ya riƙe wancan ɓangaren."

Ya buɗe murfin gefe ya fara da gidan fis. Babu fis a ciki. Wata murɗaɗɗiyar wayar tagulla ce a wurin, aikin wanda ya sayar mini da babur ɗin. Baba ya ɗaga ta sama yaransa su gani. Ya ce fis ɗin amfiya 10 ko 15 da ake rainawa, aikinsa ke nan ya mutu a madadin sauran kaya. Da yana nan, lokacin da aka juya waya shi zai tsinke, a sayi wani da kuɗin shayi. Da ba ya nan, sai wutar ta wuce kai tsaye ta sami rektifaya.

Ya ɗauko mita. Lafiyayyen batir a zaune, in ji shi, yana nuna kusan volt 12.6. In inji ya tashi aka ɗan ba shi wuta, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, alamar caji na shiga. Ya jona nasa batir ɗin gwaji, ya tayar, ya murɗa. Lamba ba ta motsa ba, sai ma ta fara sauka. Ya koma kan wayar fitilar gaba, can kuma lamba ta haura 20 tana neman gaba. Sannan ya zare soket ya auna abin da koyil ke fitarwa: lafiyarsa ƙalau, wanda saura ƙiris a farke inji a kansa.

Ya kwance wani ɗan ƙarfe mai tsaga-tsaga da wayoyi huɗu, bai kai akwatin ashana biyu ba, ya miƙo mini. Bayansa ya kumbura, yana ƙauri. Shi ne rektifayar, mai aiki biyu: ya mayar da wutar koyil irin wadda batir ke ci, ya kuma danne ta kada ta wuce kima. Da ya ƙone, batir ya daina samu, fitila kuma ta samu har ta mutu. Inji bai kula ba, domin a irin wannan babur tartsatsin fulogi daga koyil yake zuwa, ba ruwansa da batir.

Na ce to ashe dai girman batirin mota ne ya jawo. Ya ce a'a, babur abin da yake buƙata kawai yake ja. A kashe motar, ja ya tafi kan ja, baƙi kan baƙi, shi ke nan. Amma a tayar da ita a taka totur a kan batirin da bai wuce tafin hannu ba, wannan ɗura ce. Ya sa sabuwar rektifaya da fis na gaske, ya yi cajin batirin, ya kuma ƙi ba ni makulli sai da aka gyara kiki. Kuɗin kikin bai kai na ƙwayayen fitilar da na binne ba.

Da asubar wata Litinin aka buga mini ƙofa. Alhaji ne, da baƙaƙen wayoyinsa a hannu, motarsa ta ƙi tashi.

"Malam, fito da babur ɗin nan ka rama alheri."

Na yi masa bayanin da na haddace a rumfar Baba, cewa sitatar mota tana jan amfiya sama da 100, batirina ko atishawa ba zai sa ta yi ba. Ya ce ilimin zamani ya lalata zumunci. Turawa muka yi, ni da 'ya'yansa, yana ciki yana ba da umarni, har bakin titi.