Injin Alhaji da Dakta G.M.

Alhaji ya dire ƙunshin a teburin Mai Agogo, Dillali na biye yana yi masa fifita da kwali. Ɗan injin tururi ne na wasan yara: tukunyar tagulla kwance kan murhun gwangwani, ga bututun hayaƙi, ga wili a gefe, sai sheƙi yake kamar goshin ango.

ALHAJI: Malam, rubuta mini takarda cewa ƙirar Märklin ne, shahararren kamfanin kayan wasan nan na Jamus. Kakana ya karɓo shi hannun Bajamushe a Garwa, tun Kamaru na hannunsu.

DILLALI: Ni shaida ne.

(Dillali bai kai arba'in ba. Jamusawa kuwa sun bar Kamaru tun 1916.)

MAI AGOGO: Ranka ya daɗe, wa ya goge shi haka?

ALHAJI: Ni da kaina. Toka da tsamiya, kwana uku.

MAI AGOGO: Innalillahi. To ka wanke rabin shaidar. Wasu kamfanonin tambarin liƙe suke mannawa a faifan ƙasa, toka kuwa ba ta barin sa. Saura mu yi fata akwai na bugawa. Wuri uku ake dubawa: ƙofar murhu, goshin tukunya, da faifan ƙasa sama da ƙasa.

ALHAJI: Ga shi ai, ƙuru-ƙuru. D.R.G.M. Dakta Gebrüder Märklin.

DILLALI: Likita ne ma ya ƙera. Kuɗi ya ƙaru.

MAI AGOGO: Ba sunan kowa ba ne. Alamar rajistar ƙira ce ta gwamnatin Jamus, an fara ta a 1891, a wancan zamanin kamfanoni da yawa na buga ta. Abin da take faɗa kawai shi ne injin tsohon yayi ne. Da sabo ne na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ka ga D.B.G.M. ko rubutun da ke cewa Jamus ta Yamma, kamar yadda ake gani a jikin injinan kamfanin Wilesco.

ALHAJI: Amma akwai G da M.

MAI AGOGO: Akwai A da L a "albasa", ba ta zama Alhaji ba. Tambarin Märklin na da garkuwa ce da G da M a sarƙe, kuma su a garin Göppingen suke. Yawancin irin waɗannan injinan daga Nuremberg suka fito. Kamfanin Bing na buga GBN, daga baya suka koma BW. Ernst Plank, EP da wili mai fukafuki. Falk, JF da hasumiya. Carette, GC, shi Bafaranshe ne, yaƙi ya sa ya rufe a 1917. Doll kuma D da C a haɗe.

ALHAJI: Duk waɗannan yaran Märklin ne.

DILLALI: Ya taya su buɗe shago.

Mai Agogo ya maƙala gilashinsa a ido ɗaya, ya jawo rula. Alhaji ya gyara babbar riga kamar wanda za a auna wa fili.

MAI AGOGO: Idan tambari ya ɓace, sai a koma ga awo. Faɗin tukunya da tsawonta a milimita, faɗin wili, yawan sandunansa, miƙaƙƙu ne ko lanƙwasassu. Sai zanen bulo da aka buga a jikin murhu, da siffar ƙofarsa, da kan bututun hayaƙi. Wannan silindarsa mai rangaji ce, tana kaɗawa tare da fistin, irin ta masu araha. Masu tsada silindarsu a tsaye take da bawul mai zamewa. Sannan a ɗauki tsohon kasalog na kamfani a gwada hoto da hoto, awo da awo.

ALHAJI: Masu araha? Dubi usur ɗin nan. Na ga irinsa sak a intanet, an rubuta Märklin, an sa dala dubu.

MAI AGOGO: Usur da bawul ba sa yanke hukunci. Sassa ne masu zare, ana kwancewa a ɗaura na wani, ƙirarsu ma ta yi kama tsakanin kamfanoni. Wannan usur ɗin zarensa bai zauna daidai ba, wani ya cusa shi da ƙarfi. Kuma farashin da ka gani na mai tallatawa ne, ba na mai saye ba.

DILLALI: Mai saye na hanya.

(Tun bara yake hanya.)

ALHAJI: To a kunna shi. Märklin ana gane shi a murya. Yaro, kawo fetur! Idan ya tashi ma sai in haɗa shi da fanka, tun da masu wuta sun mai da mu marayu, takardar kuɗi kawai ke zuwa a kan lokaci.

MAI AGOGO: Fetur? Gemunka za ka fara kunnawa. Fitilarsa ta lagwani ce, sifirit take sha. Masu ƙaramin tire su ne na ƙwayar makamashi ta Esbit, kuma na baya-baya ne. Ruwa kashi uku cikin huɗu ake zubawa, idan tukunya ta ƙafe a kan wuta dalmar haɗin ta narke, ta buɗe baki. Wannan ma ba zan kunna ba. Ka ga ɗigon ja-ja a ƙasan tukunya? Tagullar ta rube daga ciki, tururi na taruwa za ta yi tsartuwa. Bawul ɗin kariya kuma ya ƙame, sai an jiƙa shi da mai an sauya washa.

Ya tura ƙusar agogo ya buɗe ƙofar murhu, wadda tokar Alhaji ba ta kai gare ta ba. Ya share baƙin hayaƙi da auduga.

MAI AGOGO: Alhamdu lillahi. D da C. Doll ne, na Nuremberg. An kafa shi a 1898, kamfanin Fleischmann ya karɓe shi a 1938. Injin kirki ne, ba abin kunya.

Alhaji ya karɓi gilashin, ya sa a idon da ba ya gani sosai, ya daɗe yana kallo.

ALHAJI: D.C. ka ce?

MAI AGOGO: D.C.

ALHAJI: Washington ke nan. Märklin ya ƙera, ya aika reshensa na Amurka suka buga hatimi.

DILLALI: Shi ya sa na ce da dala za a biya.

MAI AGOGO: Kuɗin dubawa dubu biyu ne, ranka ya daɗe.

ALHAJI: Idan mai saye ya iso.