Ku kulle kwafin bayanan da aka ba ku amana

Assalamu alaikum ƙannena masu sana'ar kwamfuta a Katsina da Daura, masu shagunan buga takardu a bakin manyan makarantu, da masu riƙe wa kyamis da makarantun kuɗi lissafi. Na san da yawanku kun saba yin kwafin ajiya, don faifai yana mutuwa, wuta tana ƙona kaya, ɓarawo yana fasa shago. Madalla. To amma ku leƙa cikin kwafin nan ku gani. Lambobin NIN da BVN na mutane ne, da hotunan fasfo, da takardun asibiti, da sunayen masu bashi, duk a buɗe cikin filash ɗin da ke yawo a aljihu, ko a Google Drive da kowane yaron shago ya san kalmar sirrinsa. Tun 2023 Najeriya take da dokar kare bayanan mutane, amma ko babu doka, dattijon da ya miƙo maka takardarsa amana ya ba ka, kuma za a tambaye ka ita.

Hanyar da nake roƙon ku koya ita ce ta kulle bayanai, wato mayar da su haruffan da ba sa karantuwa sai da makulli, ta amfani da makullai biyu, na fili da na sirri. Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka fito da dabarar a Amurka a 1976, tsarin RSA, mai aiki da wannan dabara, ya biyo baya a 1977. Makullin fili kamar buɗaɗɗen kwaɗo yake: kowa ka ba zai iya danna shi ya rufe akwati, amma ba ya buɗuwa sai da makullin sirri da ke hannunka kai kaɗai. A aikace manhajar kullewa takan ƙirƙiri wani ɗan makulli na wucin gadi, ta kulle bayanan da shi ta wani tsari mai sauri irin AES, sannan ta kulle shi kansa ɗan makullin da naka na fili. Ba sai ka sayi komai ba. Manhajar GnuPG, wadda Werner Koch ya fara a Jamus a 1997, kyauta ce, haka ma wata manhaja mai suna age, wadda ta fi sauƙi ga ɗan koyo.

Ga inda amfanin yake, kuma nan nake so ku natsu. In da kalmar sirri ɗaya kake kulle ajiya, kuma kana so kwamfuta ta riƙa yi da kanta kullum da dare, dole kalmar ta zauna a cikin kwamfutar. Duk wanda ya samu kwamfutar ya samu kalmar. Da makullai biyu kuwa, na fili kaɗai za ka bari a shago. Kwamfutar tana kullewa, ba ta iya buɗewa. Yaron shago zai yi aikinsa ba tare da ya karanta ajiyar bara ba, kamfanin da ke riƙe maka kwafi a intanet shi ma tarin haruffa marasa ma'ana kawai yake gani.

Sai dai duk wannan ya rushe ranar da ka aje makullin sirri a wuri ɗaya da kwafin. Abin yana ba ni takaici, mutum ya sha wahalar kullewa sannan ya tura wa kansa makullin ta WhatsApp, ko ya ɗauki hotonsa ya bari a waya. Kada ku yi. Ku sa masa doguwar kalmar sirri, ku zuba shi a filash biyu da ba a aikin komai da su, ku kuma buga shi a takarda; na age layi ɗaya ne tak. Filash ɗaya a gida, ɗaya wajen wanda ka yarda da amanarsa a wata unguwa ko wani gari.

Dalilin yin biyu shi ne, in makullin sirri ya ɓata, shi ke nan. Babu kamfanin da za ka kira, babu gwanin da zai fasa maka. Ko WhatsApp, da ya kawo kulle ajiyar saƙonni a 2021, ya faɗa ƙarara cewa in ka rasa kalmarka ko makullinka mai lambobi da haruffa 64, ba zai iya dawo maka da komai ba. Kuma rai a hannun Allah yake: in bayanan makaranta ko na kamfani kake riƙewa, lalle mai wurin ya san inda makullin yake da yadda ake amfani da shi.

Kullewa ba ta hana gogewa. Muguwar manhajar da ke garƙame fayiloli don neman kuɗin fansa tana iya lalata kwafin da ke jone da kwamfuta, don haka a ajiye kwafi ɗaya da ba a jone yake da kwamfuta ba. Sannan duk wata ka ɗauko makullin sirri, ka je wata kwamfutar da ka amince da ita, ka buɗe kwafi ɗaya ka tabbatar fayilolin suna karantuwa, ka goge abin da ka buɗe, ka mayar da makullin ma'ajiyarsa.