Ɗalibi mai aiki da iyali: a fara tambayarsa lokacinsa

Duk wanda ya taɓa leƙa cibiyar karatu ta Jami'ar NOUN, wato jami'ar karatu daga gida, ranar Asabar, ko ajin malaman firamare masu neman NCE ta hannun Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ya san ɗaliban da nake nufi. Akwai ma'aikaciyar jinya da ta sauko daga aikin dare, da ɗan sanda da ya roƙi abokin aikinsa ya riƙe masa, da uwar 'ya'ya huɗu wadda hankalinta rabi yana gida. Domin irinsu aka kafa NOUN a 1983, kuma bayan dakatar da ita a 1984, gwamnatin Obasanjo ta dawo da ita aiki a 2002.

Shawarar da aka fi bai wa mai koyar da waɗannan mutane ita ce ya fara gano salon koyon kowane ɗalibi, wato ko da ido ya fi fahimta, ko da kunne, ko da karatu da rubutu, ko kuwa sai ya taɓa da hannu. Wani malami ɗan New Zealand, Neil Fleming, shi ne ya tsara wannan rabo a 1987, kuma ya bazu a duniya. Sai dai a 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi diddigin binciken da aka yi a kai, suka tarar babu gamsasshiyar hujja cewa koyar da mutum ta salon da ya ce ya fi so yana ƙara masa fahimta.

Ban ce zaɓin ɗalibi ba shi da ƙima ba. Direban da yake sauraron darasi ta saƙon murya a WhatsApp yana hanya ya samu sa'ar karatu da babu ita a da, kuma wannan riba ce. Abin da nake tsoro shi ne zaɓi ya zama katanga. Na ga matar da ta haƙiƙance cewa ita da kunne take koyo, ta shafe zango guda tana sauraron bayanin lissafin kuɗi ba tare da ta warware tambaya ko ɗaya da alƙalami ba, ranar jarrabawa kuwa takarda ta ƙi ta. Darasin ne yake nuna hanyar koyonsa: taswira sai an gani, furucin Faransanci sai an ji, lissafi sai an yi.

Tambayoyin da suka fi amfani a zaman farko su ne: yaushe kike samun natsuwa, minti nawa ne, kuma me kika riga kika sani daga wurin aikinki? Makarantun zaure sun daɗe da gane wannan. Ɗan kasuwa yana zuwa bayan sallar Asuba ko tsakanin Magariba da Isha'i da littafinsa, malam ya biya masa 'yan layuka gwargwadon ƙarfinsa, ya tafi ya maimaita, gobe ya dawo a ji inda ya tsaya. Na kusa da shi yana wani littafin dabam, kuma babu wanda ake jira. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya.

Saboda haka malamin da yake da sa'a biyu kacal a mako da irin waɗannan ɗalibai bai kamata ya cinye su yana karanta musu abin da ke cikin littafin kwas ba. Ya sa su rufe littafi su faɗi abin da suka riƙe daga makon jiya, ya gyara kuskure nan take, ya ɗauko misali daga asibiti ko ofishin da suka fito, sannan ya raba musu aikin mako zuwa guntaye na minti 20 da za su shiga tsakanin tashi daga aiki da kwanciyar yara.