Garahuni ba ya zaɓen abin da zai hau

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

A bayan ɗakinmu nan Agege na shuka garahuni cikin tsohon bokitin fenti, da irin da aka kawo min daga gida. Sai da na huda gindin bokitin, don ruwan Yuni a Legas in ya kwanta saiwa ruɓewa take. Na gauraya ƙasa da busasshen takin akuya, na ajiye inda rana ke samu. Ya tsiro, ya fara fitar da wasu siraran zare masu lalube a iska.

A nan na yi sakaci. Kullum sai in ce gobe zan ɗaura masa igiya, kullum asuba na wuce kasuwar Mile 12, ban dawowa sai bayan isha'i. Ranar da na waiwaye shi, ya riga ya nannaɗe wayar janareton maƙwabci. Na zo warwarewa, reshen ya tsinke a hannuna.

Wallahi ɗana na tuna. Shuka mai yaɗo ba ta jiran sai ka samu lokaci, abin da ke kusa shi take kamawa. Mu kuma mun bar yara a gidan haya mai ɗaki goma, tsakanin waya da 'yan bakin titi, muna cewa ai nema muka fita. Manzon Allah (SAW) ya ce mutum yana kan addinin abokinsa, kowa ya duba wa yake abota da shi. Yaro ɗan shekara 9 bai iya wannan dubawar ba tukuna, iyaye ne za su duba masa. Ka san sunan abokin ɗanka? Yaushe rabonka da leƙa Islamiyyarsu?

Kada kuma a raina shuka mai rauni. Annabi Yunusa (AS) da kifi ya amayar da shi bakin teku ba lafiya, mai yaɗo Allah Ya tsirar masa, dangin duma da kabewa, kamar yadda ya zo a Suratus Saffat, aya ta 146.

Ragowar reshen na ɗaura masa igiya zuwa taga. Ya yi fure rawaya, 'ya'yan suka nuna suka fashe, yara na tsotsar jan da ke jikin ƙwayar, uwargida kuma na tsinkar ganyen tana sa wa fate, da ɗacinsa da komai. Yau da shi muka je sallar magariba, yaron nake nufi.