Masu cewa "wa ke ta tsofaffin takubba" su saurara

Tun da ta tabbata an wawushe gidajen tarihin Khartum da Omdurman a yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, wata magana ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma daga bakin 'yan uwanmu Hausawan Sudan take fitowa. Wai ana mutuwa da yunwa, wa ke ta tsofaffin takubba? Yunwa gaskiya ce, amma babu wanda ya ce a ɗauki kuɗin dawa a kai gidan tarihi, su ma sun san haka.

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Khalifa, gidan tarihin da ke Omdurman daura da ƙubbar Mahdi, malamin da ya jagoranci jihadi a Sudan, ya san me ake kuka a kai. Ga jibbar Ansar, mabiyan Mahdi, mai faci-faci, ɗinkin hannu. Ga masu da takubban da aka tunkari manyan bindigogin Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, da su a Karari ranar 2 ga Satumba 1898, inda dubban mazaje suka kwanta dama kafin azahar. Ga kuɗin da gwamnatin Khalifa Abdullahi, magajin Mahdi, ta buga da kanta a Omdurman. Ɗalibi zai haddace cewa Mahdi ya ci Khartum a 1885, ya manta da zarar an gama jarrabawa, amma wanda ya tsaya gaban rigar nan ba ya mantawa.

Kuma wallahi mu muka fi kowa asara. Mu ne har yau ake tambaya daga ina muka zo, alhali kakanninmu a nan aka binne su. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi wa Mahdi mubaya'a ta wasiƙa. Mutanen yamma da hanyar hajji ta ajiye a ƙasar nan sun shiga rundunar Ansar. Bayan faɗuwar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa ya jagoranci masu hijira har suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar. Wanda ake musun asalinsa ne zai ce shaidar tarihi ba ta dame shi ba?

Masu cewa a jira ƙura ta lafa ba su san saurin dillalan kayan sata ba. Dattawanmu su tattara wasiƙu da makaman da ke cikin akwatunan gado tun yanzu, ranar da za a sake buɗe gidan mu je da namu a hannu, mu nemi a ware mana ɗaki.