Wicked ya ci kasuwa, amma kar ku sa rai da sauran da ake ta cewa "suna tafe"

Tun da fim ɗin Wicked, wanda aka ɗauko daga wani wasan dandamali mai waƙa, ya fito a Nuwamban 2024 ya kwashi sama da dala miliyan 700 a sinimomin duniya, shafukan labaran fina-finai ba su huta ba, kullum sai an jero maka wasannin dandamali masu waƙa da rawa na Broadway a New York da na West End a Landan waɗanda wai za a mayar da su fim kwanan nan. Wai Sunset Boulevard na hanya, wai Guys and Dolls, wai Fiddler on the Roof, wai kaza wai kaza. Ni dai a ganina mafi yawansu ba za mu gan su ba, aƙalla ba da mutanen da ake ambata yanzu ba, kuma matsalar ba ta rashin daɗin waƙoƙin ba ce. Abin da ke yanke hukunci shi ne wa ke riƙe da haƙƙin mallaka, kuma me zai rasa in ya ƙi yi.

Mu da muka taso da fim ɗin Indiya da na Kannywood abin zai ɗan ba mu mamaki, don a wajenmu jarumi ya tsaya tsakiyar labari ya rera waƙa ba wani abu ba ne, wasu ma waƙar ce ke kai su kallon. A Amurka kuwa masu kuɗin fim tsoron abin suke kamar me. Lokacin da Paramount za ta saki Mean Girls a farkon 2024, tallar da ta fara fitarwa kusan ba ta nuna cewa fim ɗin na waƙa ba ne, har bidiyo ya riƙa yawo na 'yan kallo suna gunaguni a sinima da jarumar ta fara rerawa. Ka yi kaya kana ɓoye wa mai saye ainihin abin da ke cikin buhun, ai ka san da sake.

Kuma tsoron nasu yana da dalili. A 2019 Universal ta zuba kusan dala miliyan 100 a Cats, wasan Andrew Lloyd Webber da ya shekara 18 a Broadway, fim ɗin ya tashi da wajen miliyan 75 kacal. Gaggawar da aka yi ta kai har an sake shi aikin kwamfutar bai gama ba, akwai wurin da ake ganin hannun Judi Dench na mutum sak da zobenta alhali mage take fitowa, sai bayan 'yan kwanaki kamfanin ya aika wa gidajen sinima wani kwafin da aka yi wa gyara. A 2021 Steven Spielberg da kansa ya yi West Side Story, masu sharhi suka yaba, Ariana DeBose ta ci Oscar, amma kuɗin da ya shigo bai kai miliyan 80 ba kan kashe wajen miliyan 100. A shekarar dai In the Heights bai mayar da kuɗinsa ba, Dear Evan Hansen ma haka, shi kam har da tsiyar da aka riƙa yi wa Ben Platt don yana da shekara 27 ya fito a ɗan sakandare. The Color Purple na 2023, wanda Blitz Bazawule ɗan Ghana ya ba da umarni, ya buɗe da ƙarfi ranar Kirsimeti sannan ya sulale. Kiss of the Spider Woman na Jennifer Lopez a Oktoban 2025 kuwa ko motsi bai yi ba. Sannan ku tuna gidajen sinima na riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuɗin talla daban, to fim ɗin da aka kashe wa miliyan 100 ya kawo 76 ba asarar miliyan 24 aka yi ba, ramin ya fi haka zurfi nesa ba kusa ba.

To me ya bambanta Wicked? Abin da mutane ke mantawa shi ne Universal na cikin waɗanda suka zuba jari a wasan dandamalin tun buɗe shi a 2003, kuma furodusan wasan Marc Platt shi ne dai furodusan fim ɗin. Ba su je sayen haƙƙi a hannun kowa ba, nasu ne. Shi ya sa ma ba su yi sauri ba, saniyar da ake tatsa kullum ba a gaggawar kai ta mahauta, wasan yana cika ɗaki a New York da Landan shekara da shekaru yana kawo kuɗi duk sati. Sun sa ranar fitowa Disambar 2019, suka ɗage suka ba Cats gurbin, darakta Stephen Daldry ya fita a 2020, Jon M. Chu ya shigo a 2021, aka ɗauki Ariana Grande da Cynthia Erivo, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne duk da a Landan aka haife ta, aka raba labarin gida biyu, yajin aikin 'yan wasa na 2023 ya tsayar da ɗauka saura kwana goma a gama. Duk wannan bai kashe shi ba domin mai abu ne ke yin abinsa. Kamfanin da ya yarda aka shuka furen tulip miliyan 9 a gonakin Norfolk a Ingila saboda 'yan mintoci na farkon fim ba kamfanin da ke gwaji ba ne, ya riga ya san miliyoyin mutane sun haddace waƙoƙin tun suna yara.

Yanzu ku ɗauki wannan ma'aunin ku auna sauran.

Sunset Boulevard shi ne ya fi ba ni tausayi. Glenn Close ta fito a matsayin Norma Desmond, jarumar labarin, a dandamali tun 1993, ta ci kyautar Tony, babbar kyautar wasannin Broadway, a 1995, ta dawo ta sake yi a Landan a 2016 da Broadway a 2017, kuma shekara da shekaru tana cewa fim na nan zuwa. A 2019 har an sanar da Rob Ashford a matsayin darakta. Amma asalin fim ɗin 1950 da aka gina wasan a kansa na Paramount ne, ba wanda zai motsa sai da yardarta, kuma Lloyd Webber, wanda ya tsara kiɗan wasan, da bakinsa ya faɗa a 2021 cewa kamfanin bai so a ci gaba ba. Me Paramount za ta rasa in ta yi shiru? Ba komai. An haifi Close a 1947, Norma kuwa a labarin 'yar wajen shekara hamsin ce. Mun ga irin haka da Barbra Streisand da Gypsy, ta yi ta fafutuka har kamfanin STX ya janye a 2016, maganar ta mutu murus. Fim ɗin da aka rataya a wuyan tauraro ɗaya agogo yake bi, shi kuma kamfani ba ya tsufa. In ma an yi Sunset wata rana, na fi zaton da wata za a yi, tunda ga Nicole Scherzinger ta ci Tony da rawar a 2025.

Guys and Dolls yawo kawai yake. Fox ta karɓi haƙƙin a 2013, ya koma TriStar a 2019, aka ce Bill Condon ne darakta a 2021, a 2024 aka ce a'a Rob Marshall ne. Zan ba shi rabi da rabi, don aƙalla a 2024 akwai masu biyan marubuta a kansa. Fiddler on the Roof kuwa MGM ta sanar a 2020 da Thomas Kail, sai Amazon ta saye MGM ɗin gaba ɗaya a 2022, shi kuma Kail ya tafi yi wa Disney sabon Moana. Sababbin shugabanni ba sa son rainon aikin da na baya suka bari, in ya yi kyau ba su za a yaba ba, in ya faɗi su za a zaga. Little Shop of Horrors da aka ce Chris Evans da Scarlett Johansson za su fito, korona ta zo ta bi ta kansa, shiru kake ji.

Akwai wanda ya shafe mu ta wata fuskar, Joseph and the Amazing Technicolor Dreamcoat, da Amazon ta sanar a 2023 da Jon M. Chu ɗin nan dai. Labarin Yusuf ne kamar yadda ya zo a Baibul, an yi shi cikin raha da kiɗe-kiɗe, har Fir'auna ana fito da shi yana kwaikwayon Elvis. A makarantun Ingila yara sun saba yin sa, amma fim na duniya wani abu ne daban, duk wanda ya tuna yadda Qatar da Bahrain da Daular Larabawa suka hana nuna fim ɗin Noah a 2014 saboda siffanta Annabi ya san kasuwar ƙasashen Musulmi a rufe take tun kafin a fara, mu ma nan ba na jin zai wuce salin alin. Wannan kaɗai ba zai hana Amazon ba. Abin da zai iya jinkirta shi shi ne Chu ya zama amaryar Hollywood, kowa na jan rigarsa, ga fim ɗin tarihin Britney Spears ma yana jiransa a Universal, kuma darakta ɗaya ba ya yin fim uku lokaci guda.

Abin dariyar shi ne wanda na fi yarda da shi a duk jerin shi ne wanda ya fi kama da hauka. Merrily We Roll Along na Stephen Sondheim ya faɗi warwas a 1981, wasa 16 kawai aka yi aka rufe. Labarin abokai uku ne cikin shekara ashirin, kuma da baya da baya ake ba da shi, daga lokacin da zumunci ya lalace zuwa ranar da suka fara haɗuwa suna matasa. Richard Linklater, wanda ya ɗauki Boyhood cikin shekara 12, ya ce shi ba zai yi wa kowa kwalliyar tsufa ba, zai riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan har shekara ashirin 'yan wasan su tsufa da gaske. An fara tun wajen 2019 da Ben Platt da Beanie Feldstein, jarumi ɗaya ya fita aka sa Paul Mescal aka sake ɗaukar abin da aka riga aka yi. Sai wajen 2040 za a gan shi, lokacin Linklater na da kusan shekara 80, Sondheim kam ya rasu tun 2021. Haɗarinsa na rai da lafiya ne, wannan kuma na Allah ne, amma kyamara ta riga ta fara juyawa kuma kuɗin da ake kashewa duk zango ba mai karya kamfani ba ne.

Na san abin da masoya za su ce, ai Chicago an fara shi a dandamali 1975 sai 2002 aka yi fim kuma ya ci Oscar na fim mafi kyau, Les Misérables daga 1985 sai 2012, Evita daga 1978 sai 1996, don haka jinkiri ba mutuwa ba ne. Gaskiya ne, na yarda. Amma ku duba su waye suka yi su a ƙarshe. Bob Fosse da ya so yin Chicago ya rasu 1987, Alan Parker da aka fara ambata a Les Misérables ba shi ya yi ba, Evita ta bi ta hannun Ken Russell da Oliver Stone da Meryl Streep kafin ta faɗa kan Madonna. Sunan wasan ne ke rayuwa, sanarwar da kuka karanta da hotunan jarumai ita kam mutuwa take.

Wani lokacin kuma iskar zamani ce ke tura abu. Sarafina! da yawancinmu muka kalla a kaset, an fara ta a Market Theatre na Johannesburg a 1987, ta je Broadway 1988, a 1992 har fim ya fito da Leleti Khumalo da Whoopi Goldberg da Miriam Makeba, domin an saki Mandela a 1990 idon duniya na kan Afirka ta Kudu, masu kuɗi ba su tsaya dogon lissafi ba. Fela! kuwa ya shiga Broadway a 2009 da goyon bayan Jay-Z da Will Smith, ya ci Tony uku, an kawo shi Legas a 2011, a lokacin har ana maganar wani fim daban na rayuwar Fela da Steve McQueen da Chiwetel Ejiofor, ƙarshe dai abin da aka samu shi ne fim ɗin bincike na Alex Gibney a 2014 mai ɗauke da guntayen wasan. Lokacin ya wuce ba a kama shi ba.

Babban abin da nake ganin zai binne da yawa daga jerin nan ma ba faɗuwar Cats ba ce, nasarar Hamilton ce, wani shahararren wasan Broadway. An kafa kyamarori a gidan wasan a 2016 aka ɗauki 'yan wasan asali suna yi a gaban 'yan kallo, Disney ta biya dala miliyan 75 ta sa a Disney+ a Yulin 2020, ba gina gari, ba shuka fure, ba neman sabon jarumi. Tun daga nan kowa ya gane hanya, an yi wa Six haka, an yi wa sabon Merrily na Daniel Radcliffe da Jonathan Groff haka ya shiga sinima a ƙarshen 2025, an ɗauki Hadestown a Landan. Furodusan da zai iya sayar da wasan da ya riga ya gina, ya ajiye haƙƙin fim a aljihu, ga shi bai kashe kasuwar tikitinsa ba, don me zai je ya yi shekara goma yana zarya ofishin Paramount? Shi ya sa ko Hamilton ɗin kansa, da kowa ke cewa dole wata rana a yi masa fim na sosai, ba na sa ran ganinsa kafin cinikin tikitinsa a New York ya fara ja baya.