Tun 1967 ba kofi, amma tikitin Maple Leafs sai ƙara tsada yake

Wallahi abin da masu ƙungiyar Toronto Maple Leafs suke yi wa magoya bayansu ya wuce gona da iri. Ƙungiyar da ta fi kowace daraja a gasar hokin ƙanƙara ta NHL, wadda tikitinta ke cikin mafiya tsada a Kanada da Amurka, rabonta da ɗaga Kofin Stanley, kofin zakarun gasar, tun 1967. Bar ma batun ɗaga kofi, ko wasan ƙarshe ba ta sake kaiwa ba tun daga wannan shekara. A tarihin gasar babu ƙungiyar da ta taɓa daɗewa haka ba kofi. Amma duk da haka sai mutum ya zube ɗaruruwan daloli kafin ya samu kujera mai kyau a filin Scotiabank. Na me?

Da an yi magana sai a karanto mana tarihi. An kafa ta a 1917, Conn Smythe da ya jagoranci sayenta ya raɗa mata sunan Maple Leafs a 1927, ta ci kofi 13, Montreal Canadiens mai 24 ce kaɗai ta fi ta. A 1942 Detroit ta doke ta sau uku a jere a zagayen ƙarshe, inda sai an ci wasa huɗu cikin bakwai ake ɗaukar kofi, ta farfaɗo ta cinye huɗun da suka rage. Duk mun sani, muna kuma alfahari da shi. To amma lokacin da ta doke Montreal ta ɗauki kofinta na ƙarshe, ƙungiyoyi shida ne kacal a gasar. Yau 32 ne. Vegas da ta fara wasa a 2017 ta ci kofi a 2023. Tampa Bay ta ci sau uku, Florida ta ci a 2024 ta maimaita a 2025. Garuruwan da dusar ƙanƙara ba ta ishe su kallo ba suna ta shagali, mu da muke share ta a ƙofar gida wata da watanni sai tsofaffin hotuna ake nuna mana.

Ɓarnar ta samo asali tun zamanin Harold Ballard, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1972 har ya mutu a 1990. Mutumin da kotu ta ɗaure kan zamba, ya fito ya ci gaba da juya ƙungiyar kamar kayan gadonsa. Ya wulaƙanta Dave Keon, gwarzon kofin 1967, har ya bar ta. A zamaninsa aka sayar da gwanin ɗan wasa Lanny McDonald, aka matsa wa kyaftin Darryl Sittler har ya tafi Philadelphia. Maple Leaf Gardens, filin ƙungiyar na wancan lokaci, kuwa bai fasa cika ba. A nan masu ƙungiyar suka gane cewa a Toronto ko an ci ko ba a ci ba, kuɗi zai shigo. Ballard ya tafi, kamfanoni sun gaje shi, amma wannan lissafin bai canja ba.

Ku dubi abin da muka haɗiye a 'yan shekarun nan. A 2013, wasa na bakwai na raba gardama da Boston a fitar da gwani, muna gaba da ci 4 da 1 a zango na uku, wato na ƙarshe, aka farke duka, aka cire mu a ƙarin lokaci. A Fabrairun 2020 masu tsaron gidan Carolina biyu suka ji rauni, aka sako David Ayres, ɗan shekara 42 mai tuƙa motar goge ƙanƙara, kuma da shi a raga aka doke mu a gidanmu. A 2021 muna gaban Montreal da wasa 3 da 1, suka cinye sauran ukun. Daga 2004 sai a 2023 muka sake tsallake zagayen farko na fitar da gwani. A 2025 Florida ta zo har Toronto ta zuba mana 6 da 1 a wasa na biyar, ta dawo ta sake zuba mana 6 da 1 a na bakwai, har mutane suka riƙa cire rigunan ƙungiyar suna jefawa kan ƙanƙara. Ban ga laifinsu ba. Rigar ma da kuɗi mai ciwo suka saye ta.

Ba rashin gwanaye ba ne. Auston Matthews shi kaɗai ya ci ƙwallo 69 a kakar 2023 zuwa 2024. An tara albashi a kan 'yan wasa huɗu shekara da shekaru, kowa yana ganin tsarin ba ya kai mu ko'ina, aka yi kunnen uwar shegu. Sai da aka sha kunyar Florida sannan aka sallami shugaba Brendan Shanahan, ɗan wasa Mitch Marner ya koma Vegas.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗanda tsadar tikiti ta kora daga filin. Direban tasi daga unguwar Scarborough, ma'aikaciyar jinya daga garin Brampton da ke kusa da Toronto, ɗan ci-ranin da ke aikin dare a ɗakin ajiyar kaya, su ne ke sa wa 'ya'yansu shuɗiyar riga, su ne ke kwana da baƙin ciki idan an sha kashi. Mai iyali a cikinsu ba zai iya kai yaransa wasa ɗaya ba sai ya taɓa kuɗin haya. Kujerun da ke dab da ƙanƙara kuwa kamfanoni sun kwashe, kuma duk mai kallon talabijin yana ganinsu fayau a farkon zango, masu su suna can ciki suna cin abinci. Bankin Scotiabank ya amince ya biya dala miliyan 800 na Kanada don kawai a liƙa sunansa a ginin na shekara 20. Da wannan kuɗin ba za a iya ware wani sashe mai rahusa ga iyalai a kowane wasa ba? Za a iya mana. Ba su ga dama ba ne, domin sun san gobe ma layin masu neman tikiti ba zai ragu ba.